OxCal: manhajar da ke mayar da awon kabon zuwa shekarun kalanda, ƙarfinta da inda take makancewa

Wanda ya aika gawayi ko ƙashi ɗakin gwaji don a auna masa shekaru, abin da za a maido masa lamba ce irin wannan: 2450 ± 30 BP. Mutane da yawa, har da 'yan jarida da ɗaliban jami'a, sukan cire lambar daga shekarar da ake ciki su ce abin ya shekara kaza a duniya. Ba haka lissafin yake ba. BP na nufin kafin 1950, kuma lambar kanta ba shekarun kalanda ba ce, awon ragowar kabon-14 ne, wani nau'in kabon da ke raguwa a hankali bayan mutuwar tsiro ko dabba, da aka ɗora kan zato biyu waɗanda masana suka daɗe da sanin ba daidai suke ba. Na farko, Willard Libby, wanda ya ƙirƙiro dabarar a Chicago a ƙarshen shekarun 1940, ya ɗauka rabin kabon-14 yana ƙarewa duk shekara 5568, alhali ainihin adadin ya kusa 5730. An bar lambarsa ne da gangan don tsofaffin sakamako da sababbi su zauna a ma'auni ɗaya. Na biyu, lissafin yana ɗauka yawan kabon-14 a iska bai taɓa sauyawa ba, shi kuwa yana hawa yana sauka gwargwadon ƙarfin rana da maganaɗisun ƙasa. Aikin OxCal shi ne ta ɗauki wannan ɗanyar lamba ta gwama ta da awon da aka yi wa zoben itatuwan da aka san shekarar kowane zobensu, ta fitar da tazarar shekarun kalanda.

Farfesa Christopher Bronk Ramsey na ɗakin awon kabon na Jami'ar Oxford ne ya rubuta ta, tana yawo tun tsakiyar shekarun 1990. Kyauta ce. Ana yin rajista da imel a shafin ɗakin gwajin, a yi aiki ta burauza, fayiloli kuma su zauna a can. Akwai wadda ake saukewa a kwamfuta ga mai fama da rashin intanet. Siga ta 4.4 tana zuwa da layin daidaitawa, wato ma'aunin da ake gwama lambar da shi, na IntCal20 da aka fitar a 2020, wanda ya kai shekara 55,000 baya. Kusan shekara 13,900 mafi kusa da mu daga zoben itace ne tsantsa. Abin da ya wuce nan an haɗo shi daga lakar gindin tabki, duwatsun kogo, murjani da wasu guntayen jerin itatuwa, don haka tazarar tana faɗaɗa.

Ga samfuri ɗaya aikin bai fi minti biyu ba. A buɗe sabon fayil, a rubuta R_Date("gero-1", 2450, 30). A danna gudu. Za ta ba da tebur da zane: jajayen tudu a gefen hagu shi ne awon ɗakin gwaji, layin da ya ratsa tsakiya shi ne IntCal20, baƙaƙen tuddai a ƙasa su ne shekarun da ke iya yiwuwa. Tazara biyu take nunawa, ta kashi 68.3 da ta kashi 95.4 cikin ɗari. Ta biyun ita ce ta rubutawa a rahoto. Akwai wurin da za a ce ta nuna shekarar tsakiya, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami, domin idan tuddan sun rabu biyu ko uku, shekarar tsakiyar tana iya sauka daidai cikin kwarin da ba shi da wata yiwuwa ta kirki.

Kwalekwalen Dufuna gwaji ne mai kyau ga mai koyo. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe. Tsawonsa mita 8.4, an sassaƙa shi daga maɗaci. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus sun auna itacen, ɗaya ya ba da 7264 ± 55 BP, ɗayan 7670 ± 110 BP. A sa ta farko a OxCal, za ta fito tsakanin wajen 6230 zuwa 6020 kafin Miladiyya (K.M. daga nan gaba), wato shekara dubu takwas da 'yan kai ke nan, ba dubu bakwai da ɗari uku ba. Ta biyu tana kewaye 6500 K.M. Tunda itace ɗaya ne, sai mutum ya yi sha'awar haɗa su da umurnin R_Combine. Manhajar za ta haɗa, amma za ta ɗaga gargaɗi: lambar gwajin daidaito tana fitowa kusan 11, alhali iyakar da aka yarda da ita ga awo biyu 3.8 ce. Ma'ana awon biyu ba abu ɗaya suke faɗi ba, ko dai an ɗebo su daga sassa daban na kututturen, ɗaya kusa da zuciya ɗaya kusa da ɓawo, ko wankin samfurin ya bambanta. Wannan gargaɗin abin yabo ne. Aibinsa shi ne ba ya hana sakamakon fitowa, mai gaggawa sai ya kwafi lambar ya wuce.

Zaɓen layin daidaitawa wani wuri ne da take yin shiru inda ya kamata ta tambaya. Idan ba a faɗa mata komai ba, IntCal20 take ɗauka, na arewacin duniya. Na kudanci shi ne SHCal20, bambancinsu kusan shekara 40 ne, domin tekunan kudu suna fitar da tsohon kabon cikin iska. Na kifi da katantanwar teku shi ne Marine20, kuma shi ma sai an ƙara masa gyaran yankin da umurnin Delta_R. Ga masu aiki a Afirka ta Yamma akwai ƙarin lura: tsiro yana shan iskarsa ne da damina, iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take tasowa. Waɗanda suka tsara SHCal20 sun ba da shawarar a gauraya layukan biyu a yankunan da iskar arewa da ta kudu ke musayar wuri, kuma OxCal tana da umurnin yin hakan. A samfurin shekara 8000 wannan ba ya sauya labari. A kufan birni na ƙarni na 14 ko na 15 yana iya matsar da sakamakon daga zamanin wani sarki zuwa na magajinsa.

Inda OxCal ta tsere wa sauran shi ne gina tsari. Mai haƙa ya san abubuwan da na'ura ba ta sani ba: wannan hawan ƙasa yana ƙarƙashin wancan, wannan kabari ya yanke wancan bango, wannan sarki ya riga wancan. Ana shigar da wannan sani da umurni uku. Sequence na nufin abubuwan da ke ciki bi da bi suke. Phase na nufin zamani ɗaya ne amma ba a san wanda ya riga wani ba. Boundary shi ne farkon zamanin da ƙarshensa. Daga nan manhajar tana jefa ƙuri'a dubban ɗaruruwa, tana zubar da duk haɗin shekarun da ya saɓa wa tsarin, abin da ya rage shi ne amsar. Tazarar shekara 200 tana iya komawa 50.

Aikin Masar da aka buga a 2010 shi ne misalin da ya fi kowanne nuna wannan. Bronk Ramsey da abokan aikinsa sun auna samfuri 211 na tsirrai masu gajeren rai, irin su iri, kwando, ƙyalle da 'ya'yan itace, daga gidajen tarihi na Turai da Amurka, kowanne an san zamanin fir'aunan da ya fito. Suka ɗora jerin sarakuna da tsawon mulkin kowanne a matsayin tsari. Hawan Djoser, mai dalar farko a Saqqara, ya fito tsakanin 2691 da 2625 K.M., farkon Sabuwar Daula kuma tsakanin 1570 da 1544 K.M. Har sun gano tsirran Masar suna nuna tsufan kusan shekara 19 fiye da layin daidaitawa, saboda noman bakin Nilu na bayan ambaliya ne, da hunturu, ba lokacin da itatuwan Turai ke girma ba. Haka a Mesofotamiya, inda aka yi shekaru da yawa ana jayayya ko Hammurabi ya hau gadon Babila a 1792 ne ko a 1728 K.M. Katakon gine-ginen Kültepe da Acemhöyük a Turkiyya, waɗanda takardun yumɓu suka ɗaure da jerin shekarun Assuriya, sun goyi bayan lissafin farko ko wanda ke dab da shi, a aikin da Sturt Manning ya jagoranta a 2016.

Amma tsari wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma manhajar ba ta bambance mai gaskiya da mai son zuciya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba samfura cikin Phase ba tare da Boundary a kai da gindi ba. Abin da ke faruwa shi ne warwatsuwar da ke cikin kowane awo sai ta zama kamar tsawon zamani, wurin da aka zauna shekara 60 ya fito kamar an zauna 250, farkonsa ya ja baya, ƙarshensa ya ja gaba. Na biyu shi ne lambar yarda da ake gani a tebur da harafin A. Ƙa'idar ita ce kada ta gaza 60. Sai wasu su riƙa goge duk samfurin da ya faɗi ƙasa har tebur ya yi kyau. Ko tsarin daidai yake, kusan ɗaya cikin ashirin zai faɗi ƙasa da 60 bisa tsautsayin awo kawai. Hanyar da ta fi tsafta ita ce Outlier_Model: a ba kowane samfuri yiwuwar kashi 5 cikin ɗari ta zama bare, manhajar ta rage masa nauyi da kanta, kowa kuma ya ga abin da aka yi. Idan an bi wannan hanya, lambar A ta daina zama alƙali. Akwai kuma harafin C, wanda ya kamata ya haura 95. Idan bai kai ba, ƙuri'ar ba ta zauna ba, amsar za ta sauya in an sake gudu.

Yanzu ga inda take makancewa, kuma shi ne abin da mai sha'awar tarihin masana na da ya kamata ya sani tun kafin ya buɗe ta. A koma kan 2450 ± 30 BP ɗin can. Awo ne mai kyau, kuskurensa shekara 30 kacal. OxCal za ta mayar da shi wajen 750 zuwa 410 K.M., shekara kusan 350. Dalili shi ne tsakanin wajen 800 da 400 K.M. layin daidaitawa ya kwanta, abin da ya mutu a 700 da wanda ya mutu a 450 kusan ragowar kabon ɗaya gare su. Ana kiran wurin shimfiɗar Hallstatt, da sunan wani kufai a Ostiriya. Biyan kuɗin awo mai kuskuren shekara 15 ba ya magance ta sosai, domin matsalar ba a ɗakin gwaji take ba, a iskar wancan zamani take. Wannan ƙarni huɗun kuwa su ne na Thales, Pythagoras, Confucius, Buddha da ƙuruciyar Socrates.

Maganar Buddha ta isa misali. Al'adar Sri Lanka da Tailan ta sa rasuwarsa a 544 ko 543 K.M., malaman Turai sun daɗe a kan 486 ko 483, sannan bayan taron Göttingen na 1988 da Heinz Bechert ya shirya, da yawa suka gangaro kusa da 400. A 2013 tawagar Robin Coningham ta ba da rahoton wani gini na katako a ƙarƙashin wurin ibadar Lumbini a Nepal, inda ake cewa nan aka haife shi. Gawayin ramukan ginshiƙan ya fito tsakanin wajen 800 da 550 K.M. Jaridu suka ce an gano zamanin Buddha. Wanda ya san siffar layin ya san wannan tazarar ita ce fuskar shimfiɗar, kuma gawayin da ke cikin cikon rami ba ya faɗin wa ake bauta wa a wurin.

Shekarun da aka tsayar a wannan zamani ba daga kabon suka fito ba. Assuriyawa suna sa wa kowace shekara sunan wani babban jami'i, kuma a shekarar Bur-Sagale an rubuta husufin rana. Lissafin taurari ya sa shi a 15 ga Yuni 763 K.M., da shi aka ɗaure jerin gaba ɗaya. Lissafin Sin shekara bi shekara yana farawa daga 841 K.M., a kansa 551 zuwa 479 na Confucius suka zauna. Hukuncin kisan Socrates a 399 K.M. ya tabbata ne ta jerin shugabannin shekara na Atina. Thales kuwa an rataye shi ne a husufin 28 ga Mayu 585 K.M. wanda Herodotus ya ce ya yi hasashensa, sauran shekarunsa marubutan baya ne suka ƙiyasta, da dabararsu ta ɗauka mutum yana ɗan shekara 40 lokacin babban aikinsa. Zoroaster ya fi su duka yawo: wasu sun kai shi kafin 1000 K.M. bisa tsufan harshen waƙoƙinsa, wata tsohuwar al'ada ta sa shi shekara 258 kafin Iskandar Mai Girma. OxCal tana karɓar irin waɗannan shekaru da C_Date, After da Before, su zama turaku a cikin tsari, amma ba ita ke samar da su ba. A nan a kula da ƙaramin abu: a rubuta BC(763), kada a sa alamar ragi gaban lambar, domin kalanda ba ta da shekarar sifiri kuma ma'aunin cikin manhajar yana da ita.

Shimfiɗar nan ta taɓa mu kai tsaye. Aikin Jami'ar Frankfurt a ƙasar Nok, wanda Peter Breunig ya jagoranta tun 2005, ya dogara sosai kan ƙwayoyin gero da suka ƙone, ya mayar da farkon al'adar wajen 1500 K.M., mutum-mutumin yumɓu kuma daga wajen 900. Amma murahun narkar da tama mafi tsufa suna faɗawa cikin 800 zuwa 400 ɗin nan. Tambayar ko fasahar ƙarfe a nan aka ƙirƙiro ta ko daga arewa ta ƙetaro tana rataye ne a kan ƙarni biyu ko uku, daidai waɗanda kabon ba ya rarrabewa.

Akwai mafita ɗaya, in an yi sa'ar samun gungume mai zobe bayyane. A yanki zobe na 1, na 11, na 21 har zuwa ɓawo, a auna kowanne, a shigar da su cikin D_Sequence da Gap na shekara 10 tsakaninsu. Manhajar tana neman wurin da lanƙwasar jerin ta dace da lanƙwasar layin. In an dace da ɗaya daga shekarun da kabon-14 ya yi tsalle saboda guguwar rana, kamar 774 zuwa 775 Miladiyya da Fusa Miyake ta gano a 2012, ko 993, ana iya samun shekara ɗaya tak. Haka aka tabbatar 'yan Viking sun sari itace a L'Anse aux Meadows ta Kanada a 1021. Akwai irin wannan tsalle wajen 660 K.M., cikin shimfiɗar kanta. Sai an sauya tazarar lissafin manhajar daga shekara 5 da take zuwa da shi zuwa shekara 1. A ƙasarmu dabarar ba ta cika samuwa ba, gara ba ta barin katako, kuma yawancin itatuwan ba sa yin zobe mai ƙirguwa.

Sauran matsalolin daga jakar samfuri suke shigowa, manhajar ba ta ganinsu. Kabon yana auna ranar da ƙwayar itace ta daina girma ne, ba ranar da aka ƙone ta ba. A Sahel busasshen kututture yana iya tsayawa ƙarnuka, kuma maƙeri itace mai tauri irin ƙirya yake nema. A yankin Agadez an taɓa ba da sanarwar murahun narkar da tagulla na wajen 2000 K.M.; binciken da David Killick da abokansa suka buga a 1988 ya nuna da yawa daga cikinsu gindin tsofaffin itatuwa ne da suka ƙone a ƙasa. OxCal tana da tsarin bare na musamman don gawayi, wanda ke ɗauka kowane gawayi ya girmi wutarsa, amma yana bukatar samfura da yawa kafin ya yi amfani. Gara a tankaɗe ƙasa cikin ruwa a tsamo ƙwayar gero, dawa, wake ko ɗan reshe. Na'urar zamani kusan miligiram ɗaya na kabon take bukata bayan wanki, don haka ƙwaya ɗaya ko biyu suna iya isa. A ɗauka da hantsaki, a naɗe a takardar alminiyom, kada a sa auduga ko takarda, kada a rufe shi da danshi. Gurɓatar kashi ɗaya cikin ɗari da sabon kabon tana sa abin da ya wuce iyakar awo ya fito kamar ɗan shekara 37,000.

Tsofaffin lambobi na shekarun 1960 da 1970 suna da nasu tarko. Gero da dawa suna ɗaukar kabon mai nauyi fiye da itace, in ba a yi gyaran kabon-13 ba sai su nuna ƙuruciyar sama da shekara 200. Manhajar tana ɗauka duk lambar da aka ba ta an riga an gyara. Ƙashi kuma, a ƙasa mai zafi kolajinsa, wato sinadarin da ake cirowa a auna, yakan lalace. A duba rahoton ɗakin gwaji, in abin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙashin ba, ko rabon kabon da naitirojin ya fita daga 2.9 zuwa 3.6, lambar ba ta shiga tsari. Mutumin da ya rayu kan kifin tabki mai ruwan farar ƙasa ƙashinsa zai girme shi. Fata ko takardar rubutu tana faɗin lokacin da dabba ko tsiro ya mutu ne: ganyayen Alƙur'ani na Birmingham da Oxford ta auna sun fito 568 zuwa 645 Miladiyya, wannan zamanin fatar ne, tawada ta biyo baya. Mai son auna rubutun zamanin Shehu Usmanu kuwa ya adana kuɗinsa, domin daga wajen 1650 zuwa 1950 layin ya sake rikicewa, amsar takan zo gutsi-gutsi a faɗin ƙarni uku. Tambarin ruwa na jikin takardar ya fi faɗa masa gaskiya.

Ta fuskar amfani, OxCal ba ta lallashi. Fuskarta ta tsufa, komai da Turanci ne, littafin bayaninta an rubuta shi ne don wanda ya riga ya san lissafin yiwuwa. Mantuwar waƙafi mai ɗigo ɗaya ko baka guda tana tsayar da aiki, saƙon kuskuren kuma ba kullum yake nuna layin ba. A waya wahala ce, kwamfuta take so. Babban tsari mai samfuri ɗari yana iya cin sa'o'i. Zanenta dai yana fita da tsabta, ana sauke shi a saka a rahoto ba tare da an taɓa shi ba.

Wanda lamba ɗaya ko biyar kawai yake son daidaitawa, CALIB ta Minze Stuiver da Paula Reimer ta ishe shi; layi ɗaya suke amfani da shi, amsoshinsu ba sa bambanta fiye da 'yan shekaru. Masu aiki da manhajar lissafi ta R suna da rcarbon da Bchron. Amma mai haƙa da ke da hawa-hawan ƙasa, ko mai jerin sarakuna da yake son gwadawa da awo, OxCal ce tasa, kuma ta cancanci makonnin da koyonta ke ci. Duk wadda aka yi amfani da ita, rahoto ya ƙunshi lambar ɗakin gwaji ta samfurin, abin da aka auna, ɗanyar lambar BP da kuskurenta, sunan layin daidaitawa, sigar manhajar, da rubutun tsarin gaba ɗaya a rataye. IntCal ya sauya a 2004, 2009, 2013 da 2020, zai kuma sake sauyawa. Wanda ya buga shekarun kalanda kaɗai ba tare da ɗanyar lambar ba, babu mai iya sake lissafa masa aikinsa da sabon layi.